Kunya ba ta karɓo bashi

Wata 'yar'uwa daga Agege ta rubuto: "Malam, ni hayaniya gajiyar da ni take yi. Na saki shagon haya, na koma sayar da humra da turaren wuta daga gida ta WhatsApp. Hankalina ya kwanta, ba na algus, amma wata shida ke nan kuɗi sun ƙi taruwa. Ko in koma shago?"

'Yar'uwa, kada ki koma tukuna. Mai irin halinki zaman gida ya fi karɓarta, balle a Legas, inda fita ɗaya daga Agege zuwa kasuwar Balogun kan cinye yini a cunkoson motoci, ga kuɗin mota da ya haura tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Ni kunyarki nake zargi. Masu gwajin halayya na Myers-Briggs suna kiran irinku INFP: mutum mai zurfin ciki, mai son abu ya fita tsaf, wanda gara ya yi asara da a ce ya ɓata wa wani. Wajen haɗa turare wannan baiwa ce, wajen karɓar kuɗi kuwa ita ke karya jari. Na tabbata akwai Hajiyar da ta karɓi kwalba uku tun kafin Sallah, har yau kin kasa tuna mata.

To ki bar rubutu ya yi miki magana. Ki rubuta farashi a ƙarƙashin kowane hoto, da sharaɗin sai kuɗi sun shigo ɗan aike zai tashi. Mai neman ragi ki tura mata saƙo guda da kika tanada, ba sai kin ɗaga waya an karya miki wuya ba. Asusun sana'a daban, na cefane daban. A cikin farashin ki lissafa kwalba, data, man janareta, da tsadadden sandal ɗin nan da kike zubawa don zuciyarki ba ta yarda da na arha ba.

Ki kuma sa lokacin rufe waya, ko da bayan isha'i ne, in ba haka ba ɗakin hutunki ya zama kasuwa.

Amma fa ƙamshi ba ya bin waya. Sau ɗaya a mako ki daure ki fita, Islamiyya ko gidan suna, da 'yan ƙananan kwalabe a jaka. Ki shafa wa mata biyu uku a hannu, ki ba su lambarki, ki dawo gida.