Kafin a kwance maka inji, duba wayar kuloci da sarƙa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce moto ɗinka 125 yana kuka ba ya ja, sarƙa ta faɗi sau biyu cikin sati guda, bakanike kuma ya ce sai an kwance inji. Dakata tukuna. Shekara 11 na yi ina kabu-kabu a garin nan, kuma kukan nan na san shi.

Fara da hannun kuloci. Taɓa shi da yatsa biyu: ya kamata bakinsa ya yi wasa kamar santimita 1 zuwa 2 kafin ka ji nauyi. In ya ɗaure tamau ba wasa, to kamar kana tafiya ne da kuloci a ɗan matse, faifan ciki suna ta zamewa suna cin kansu. Sassauta noti ɗin wayar kuloci da ke jikin hannun, in bai isa ba akwai wani a ƙasa kusa da inji. Daga nan hau kwalta, sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, ka murɗa wuta gaba ɗaya. Inji ya ɗaga murya gudu bai ƙaru ba? Sannan ne za a yi maganar faifai.

Ko a nan ma tambayi kanka wane mai aka zuba maka a juyen ƙarshe. Kulocin waɗannan motoci cikin baƙin mai yake wanka, wani man mota kuwa santsinsa ya fi ƙarfin kulocin. Nemi 20W-50 mai alamar JASO MA a jikin galan. Ni ya taɓa ci na: wani mai garaji ya zuba mini na jarka marar suna, washegari na ɗauko buhun gero biyu daga Tibiri, ina shiga rairayi sai kuka da warin ƙuna, moto na tsaye. Turawa na yi, gumi har cikin takalmi. In ta kama a sa sabbin faifai, a jiƙa su cikin mai kafin a ɗaura, a kuma ɗora na ƙarfen kan gilashi a ga ko sun lanƙwashe.

Sarƙa ita ce inda muka fi cutar kanmu. Tana faɗuwa sai yaron garaji ya ja ta kamar tsarkiyar baka. Ɗaurin nan shi ke miƙar da ita, ya kashe boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifan haƙora na gaba, mai ya fara tsiyaya. Bar mata wasa santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka juya taya ka auna a wuri uku ko huɗu, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai. Zanen da ke gefen dama da hagu na taya su zo ɗaya.

Kama ta ta bayan babban faifan haƙora na baya ka ja. In ka hango rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun karkata kamar ƙayar magarya, ta gama aiki. Sayi saiti ɗaya, sarƙa da faifai biyu. Yawancin Kasea da Haojue 125 sarƙa lamba 428 suke ci. Sabuwar sarƙa kan tsoffin haƙora asarar jikkunanka ce kawai. Ƴar makullin mahaɗa kuma, rufaffen bakinta ya dubi inda sarƙa ke tafiya.

Tsohon baƙin mai da ake malala mata har yana ɗiga, a ƙurar Maradi dai turmin niƙa ka haɗa. Wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙora, ta bushe, ɗiga mai kaɗan ta ciki, goge sauran da tsumma. Lokacin hunturu ni duk Juma'a nake yi. Kuma don Allah inji a kashe, na ga yaron da ya rasa kan yatsa a haka.

Gwada wayar kulocin yau, ka ɗauko mana hoton haƙoran baya mu gani.