Tambayi Sista: Ana Yi Mini Gashin Nono, Fatar Ta Yi Baƙi Tana Raɗaɗi

Assalamu alaikum Sista. Shekarata 41, 'ya'yana biyar, daga Gusau nake. Bara aka gano ina da sankarar mama a nonon hagu. An yi mini aiki an cire ƙullutun, na gama allurar kemo ta kashe ƙwayoyin sankara, yanzu ina Sakkwato a gidan yayar mijina, ana yi mini gashi da na'ura a asibiti. Zama 25 aka rubuta mini, na yi 13. Kwana huɗu ke nan wurin ya yi baƙi, yana ƙaiƙayi, ƙarƙashin nonon kuma raɗaɗi yake yi idan na yi zufa. Yaya ta ce wutar na'urar ce ta ci naman, in dakata da zuwa sai ya huce, ta kawo mini man kaɗanya da aka kwaɓa da garin magani. Maƙwabciyarta kuma ta ce kada ruwa ya taɓa wurin, don haka tun da aka fara ban wanke shi ba, wankan tsarki ma ya zame mini abin damuwa. Masu na'urar maza ne, da an gama sai in ja mayafina in fita, ban faɗa musu komai ba. Don Allah me zan shafa?
Daga wata baiwar Allah, Gusau.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin mu zo ga abin shafawa, ga maganar da ta fi komai gaggawa: gobe da safe ki je gashinki. Kada ki fasa zama ko ɗaya sai idan likitan da ke duba ki ne ya ce a dakata.

Yayarki ba da mugunta ta faɗa ba, sunan da muka sa wa maganin ne ya ruɗe ta. Da an ce "gashi" sai mutum ya tuna tukubar mai tsire. Babu wuta a cikin na'urar nan. Haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa kike kwanciya a gama ba ki ji komai ba. Aikinsa shi ne ya lalata ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa, kuma ƙwayoyin sankara su ne kan gaba a wannan hali. To amma dole ya bi ta fata kafin ya isa ciki, fata kuwa ita ma kullum cikin haihuwar sabbin ƙwayoyi take. Daga can ƙasa suke tasowa, su ɗauki makonni kafin su iso sama su maye gurbin waɗanda suka bushe suka zube. Hasken yana rage wannan haihuwa. Makonni biyun farko ba a ganin komai, domin tsohuwar fatar tana nan. Sai ta fara zubewa, sabuwa ba ta iso da yawa ba, sannan ƙaiƙayi da duhu su bayyana. Zama na 13 da kike kai daidai lokacinsa ne. Ba alama ba ce ta cewa ciwon ya bazu, ba kuma kuskure aka yi miki ba.

Dalilin da ya sa ake rarraba gashin daga Litinin zuwa Juma'a, ko zama 25 a mako biyar irin naki ko 15 a mako uku da ake yi wa wasu, shi ne lafiyayyen nama ya samu damar gyara kansa tsakanin yau da gobe, abin da ƙwayoyin sankara ba su iya yi sosai. Idan kika tafi hutun mako guda da kanki, fatar za ta ɗan sarara, amma ragowar ƙwayoyin ciwon su ma sun samu sarari su ƙaru. Wahalar aiki da ta kemo da kika sha ta fi ƙarfin a yi wasa da ita a wannan gaɓa.

Yanzu wanka. Ki wanke wurin, yau ɗin nan. A da can har a asibitoci akan hana, amma an gwada an ga wankewa a hankali ba ta ƙara wa fatar lahani, barin zufa da datti ne ma ke jawo matsala, balle a zafin Sakkwato. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Sabulu marar turare, shi ma irin na jarirai. Tafin hannunki kawai, soso kada ya kusanci wurin, haka sabulun salo da sabulun magani da Dettol. Ki bar ruwan ya gangara, sannan ki ɗauki tawul mai laushi ki riƙa dannawa a hankali har ya bushe, ban da gogewa. Ki ɗaga nonon ki busar da ƙarƙashinsa da kyau, ko da mafici ne. Zanen tawadar da suka yi miki a ƙirji shi ne ma'aunin da suke saita na'ura da shi kullum, kada ki dirje shi. Idan ya dushe, su za su sabunta, ba ke ba. Wankan tsarki kuwa, cuɗawar da ake nufi shafa hannu ne a kan fata tare da ruwa, ba dirza ba, kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai rauni. Ki tambayi malamar Islamiyyarku, za ki ga addini bai ƙuntata miki ba.

Ƙarƙashin nonon nan shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Nan da hammata su ne wuraren da fata ke haɗuwa da fata, ga zufa, ga gogayya, kuma nan ne take fara saluɓewa ta riƙa tsattsafo da ruwa. Shekarun baya, a sashen da na yi aiki, na lura da wata Hajiya tana tafiya ta ware hannun dama daga jikinta kamar mai ɗauke da tukunya mai zafi. Na ja ta ɗaki na rufe ƙofa. Da na ɗaga nonon sai na tarar da tsumma ya manne a wurin, an barbaɗa toka da wani gari, ƙasansa jajir kamar tumatirin da aka ɓare, ya fara wari. Kwana takwas tana ɓoyewa. Sai da muka jiƙa tsumman da ruwan gishirin asibiti na wajen minti ashirin kafin ya saki, tana riƙe da hannuna tana salati. Abin da za a magance da bandeji marar mannewa tun ranar farko, shi ya kai ta ga shan maganin ƙwayoyin cuta da dakatar da gashi na kwanaki. Har yau ina jin zafin abin, domin kullum muna gaisawa da ita, ban tambaya ba sai ranar.

Saboda haka gobe, kafin ki hau gadon, ki ce kina son ganin nas mace. Haƙƙinki ne, babu wanda zai ga baikenki. Ki nuna mata ƙarƙashin nonon da hammata da gindin wuya, har bayan kafaɗa idan gashin ya haɗa da wuya, domin hasken yana fita ta baya, wurin ma yakan yi duhu. Kuma ki yi bayani da bakinki. Littattafan da aka koyar da mu da su cewa suke fata za ta yi ja, a jikin Turawa ke nan. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, duhu take yi, ta yi ɗumi, ta ɗaure. Mai dubawa da ido daga nesa zai iya cewa lafiya lau, alhali ke kina kwana kina juyi. Sai kin ce "yana raɗaɗi, ya hana ni barci" sannan za a san inda aka kai.

Man kaɗanya zalla, mai tsabta, ni ban ga aibinsa ba a kan fatar da ba ta fashe ba. Garin da aka kwaɓa a ciki ne ban yarda da shi ba, don ba mu san mene ne ba, kuma fatar da ke cikin wannan hali abu kaɗan ke tayar mata da hankali. Ki karɓa ki yi wa Yaya godiya, ki ajiye. Duk man da za ki shafa, ya kasance marar turare, ki kai kwalbar sashen gashi su gani su amince. A shafa kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, kada a lafta, kada kuma a shafa dab da shiga na'ura, a bari sai an fito. Inda fata ta buɗe kuwa, mai ba ya zuwa wurin sam, aikin nas ne. Akwai man da likita kan rubuta don rage kumburi da ƙaiƙayi, yana aiki, amma shi zai zaɓa ya faɗi tsawon kwanakin, ba mai kemis ba. Man zafi irin su Robb da Aboniki, hoda, humra, jibi, aidin, sifirit, filasta mai danƙo, ƙanƙara da gashin ruwan zafi, duk ki nisanta su daga wurin. Idan ƙaiƙayi ya taso ki ɗora tafin hannu ki danna, ko ki zauna gaban fanka ki buɗe wurin ya sha iska, ki kuma yanke farce saboda susar cikin barci.

Sutura: riga mai faɗi ta auduga. Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa ki ajiye ta, idan kina ɗaki ma ki zauna babu ita. Ɗaurin ƙirji yana bi ta kan wurin daidai, ki koma ɗaura zani a ƙugu. Hijabin roba mai kauri yana tara zufa, ki nemi marar nauyi. Tsayuwa kan murhu a bar wa 'yan mata har ki gama.

Abu ɗaya da nake so ki sani tun yanzu don kada ya firgita ki: ranar da aka gama gashi ba ita ce ranar da fata za ta fara sauƙi ba. Takan ƙara tsananta har mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe, lokacin kin koma Gusau, sannan ta juyo ta warke cikin 'yan makonni. Ki karɓi lambar wayar sashen kafin ki tafi. Idan kika ga mugunya, ko wari, ko jini, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni, ko kumburi yana yaɗuwa, a ranar za ki je asibiti. Idan kina da ciwon suga ki sa ido a kansa sosai, yana jinkirta warkewa.

Sista, matata ake yi wa gashi a Abuja. Muna da yarinya 'yar shekara biyu. Mahaifiyata ta ce a raba musu ɗaki da kwano, wai hasken yana fita daga jikinta. Gaskiya ne?
Daga wani magidanci, Suleja.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka maka da tsayawar da ka yi. Ba gaskiya ba ne. Gashin da ake yi daga waje da na'ura ba ya barin komai a jiki. Da an kashe ta shi ke nan, kamar yadda ɗaki ba ya riƙe haske bayan an kashe fitila. Ta rungumi 'yarta, ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a ɗaki ɗaya. Ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, ko ka tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita. Abu biyu kawai zan ja hankalinka a kai. Goyo ya tsaya tukuna, saboda zani da majanyi a kan ƙirji suke ɗaurewa, su dirji wurin. Na biyu, kada ta ɗauki ciki a lokacin gashi, ku tattauna hanyar tazara da likitanta, kuma idan tana zargin ta ɗauka ta faɗa kafin ta hau na'ura.

Sista, ina gashi a Yamai. An hana ni aske hammata, ga shi na kusa kwana arba'in ban aske ba. Yaya zan yi? Turaren hammata fa?
Daga wata 'yar'uwa, Maraɗi.

'Yar'uwa, reza da halawa da man cire gashi duk suna ƙwarzanar fata, kuma ƙaramin yanka a gefen da aka cire kaluluwar hammata yana iya zama ƙofar ƙwayoyin cuta, ya kumbura miki hannu. Ki aske ɗaya gefen yadda kika saba. Gefen da ake gasawa, ki rage tsawon da almakashi ba tare da ya taɓa fata ba, sau da yawa ma gashin wurin da kansa yake zubewa. Turaren hammata ba laifi idan fatar ba ta fashe ba kuma ba ya yi miki zafi, amma ki bi abin da sashenku ya ce.

Sista, wata biyar da gama gashina, alhamdulillahi, amma gefen ya fi ɗayan duhu. Bikin 'yata ya matso, mai gyaran jiki ta ce dilka da man ƙara haske za su daidaita shi.
Daga Maman amarya, Azare.

Hajiya, barka da arziki, Allah Ya sanya alheri a auren. A yi miki dilka a ƙafa da hannu da fuska idan kina so, amma a tsallake ƙirji da hammata na gefen. Fatar da aka gasa ta fi sauran jiki rauni har bayan shekaru, ba ta jure dirza da kurkum da tiririn turaren wuta. Man bilicin kuwa ya fi muni, da dama daga cikinsu suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, a nan kuma ga ta da ma siririya. Duhun yana dushewa da kansa a hankali, wani ya ɗauki shekara, wani ya bar ɗan saura. Ki ci gaba da shafa mai marar turare kullum, ki rufe wurin daga rana, ki sa tela ya ɗaga wuyan rigar ankon ya sa mata shafi na auduga daga ciki don kada leshi ya goge ki. Idan kuma kika ji wani sabon ƙullutu, ko fatar ta yi kauri ko ƙuraje da ba ki saba gani ba, ki je asibiti kafin biki, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.