Soso ba ya tare ƙarar maƙwabci

Tambayarka ita ce ko manna soso a bango zai hana ƙarar ɗakin maƙwabcinka shigowa naka. A'a, ba zai hana ba. Aikin soso shi ne rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin da aka manna shi, amma abin da yake tare sauti shi ne nauyi da rata. A ƙa'ida, idan aka ninka nauyin bango, ƙarar da take ratsa shi tana raguwa da kusan desibel 6 ne kawai (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa ya fi dacewa ka kafa bango na biyu da allunan jifsum (fararen allunan da ake yin silin da bangon cikin ɗaki da su) ninki biyu, ka bar ratar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da tsohon, sannan ka cika ratar da audugar da ake yi daga narkakken dutse ko gilashi.

Sharaɗin da na ga an fi yin sakaci da shi a wurin aiki shi ne kada firam ɗin sabon bangon ya taɓa tsohon kai tsaye, domin ƙusar da ta haɗa su tana ƙetarar da girgiza, kuɗin kaya ya tafi a banza. A sa roba a ƙasan firam da samansa, a toshe kowace kafa, har da kewayen soket. Idan kuwa gunjin inji kake ji, to sau da yawa ta daɓe da ginshiƙai yake biyowa, sai an ɗora injin a kan roba mai kauri ko sifirin zai lafa.