Wai dole sai an karɓi kayan dattijo?

Ɗana na ga saƙonka, sai da na yi dariya kafin abin ya dame ni. Wai kana tambaya ko karɓar kaya daga hannun babba addini ne ko al'ada ko dai son jikin tsofaffi ne kawai, dan an yi maka faɗa a Agege ka wuce dattijo yana jan jarkar ruwa kai kana danna waya. Hmm.

Ni na zo Ikko a 1975, shekarar da jiragen siminti suka cika teku a Apapa ɗaruruwa suna jiran layi wata da watanni. Dako muke yi, buhu ɗaya kilo 50, ni kuma dan a ce ina da ƙarfi biyu nake ɗorawa. Akwai wani tsoho a cikinmu mutumin Sakkwato, Baba muke ce masa, ran nan ana yayyafi ya sunkuya zai ɗaga buhu, ko ɗagawa bai gama ba sai ya tsaya a haka a sunkuye kamar mai ruku'u, ba ihu ba komai, gumi kawai ke zuba yana cewa kar a taɓa ni kar a taɓa ni. A kan ƙyauren katako muka kai shi masauki, ni na riƙe masa takalmansa. Da dare ya kira ni ya ce yaro ƙarfi aro ne, mai shi zai zo karɓa. Wallahi a raina cewa na yi ragwanci ne.

To mai shi ya zo. Da kwankwaso ya matsa min ciwon yana sauka har ƙafa, na je asibitin ƙashi na Igbobi, likita ya ɗaga hoton bayana da aka ɗauka ya nuna min. Ashe tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu faifai guda 23 masu ruwa a ciki kamar gammo, kuma jini baya ratsa cikinsu, abincinsu tsattsafowa yake ta jikin ƙashin sama da ƙasa. In shekaru suka ja sai wannan hanyar ta taurare, abinci ya ragu, dattin da ya kamata ya fita ya taru ya yi tsami, ƙwayoyin ciki su riƙa mutuwa, gammon ya bushe ya lotsa ya fara tsagewa. Shi ya sa tsoho ke gajarcewa, kai ma da safe ka fi tsawo da kamar santimita 1 ko 2, auna ka gani. Na ƙasa-ƙasa wajen ƙugu su suka fi shan wahala. Ya ce ciwon suga da ƙiba da taba duk suna gaggauta abin, ni kuwa suga ta riga ta kama ni.

Kakarka bata san faifai ba amma in ta ga babba da kaya yaro na tsaye sai ta ce a kwana a tashi jariri ango ne, jeka karɓa. Yanzu ku lemon kwalba safe da yamma, zama a keke tun asuba, ga sigarin da kake zaton ban sani ba.

Koda yake likitan ya ce kar in kwanta, tafiya ita ke sa faifan ya sha, dan haka masallaci da ƙafa nake zuwa, kar ka zo ka ce za ka ɗauko ni. In za ka shigo ran Juma'a ka biya kasuwar Mile 12 ka taho min da albasa, rabin buhu ya isa.