'Yan wasan Dodgers a fantasi: wa za ka ɗauka a kakar 2026?

Malam, ka tambaya ko ka cika tawagarka ta fantasi (wasan da kake zaɓar 'yan wasa na gaske, kana samun maki daga abin da suka yi a fili) da 'yan Dodgers, ƙungiyar baseball ta Los Angeles, tunda sun ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun baseball na Amurka, a 2024 da 2025. Ka yi a hankali, domin a fantasi alƙaluman ɗan wasa ake ƙirgawa.

Shohei Ohtani kam ba ja: hom-ran (bugun da ke ba mai bugu damar zagaye fili ya ci maki) 54 da satar bes (rugawa zuwa matsaya ta gaba ba tare da jiran an buga ƙwallo ba) 59 a 2024, sannan hom-ran 55 a 2025. Amma satar ta faɗo zuwa 20 da ya koma jefa ƙwallo ga masu bugu bayan bugun da yake yi, kada ka dogara da ita. Ka kuma duba dandalin da kuke fantasi a kai, domin Yahoo, alal misali, na raba shi gida biyu, mai bugu daban, mai jifa daban.

Masu jifan ne ke ba ni tsoro. Ƙungiyar tana tattalinsu don wasannin neman kofi na Oktoba, tana ba su hutu mai tsawo, kai kuwa maki kake nema tun Afrilu. Snell da Glasnow sun sha jinya a 2025. Yamamoto kaɗai zan saya da tsada.

Masu bugu Freeman da Betts kuwa shekaru sun fara ja, sai in sun faɗo maka da araha.