Na Tuba Tun Da Daɗewa, Me Ya Sa Har Yanzu Ba Ni Da Salama?

TAMBAYA

Baba Fasto, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mace ce mai shekara 34, kuma shekara tara ke nan da na ba da raina ga Yesu. Kafin nan na aikata wani zunubi da ba zan iya rubuta shi ba. Na tuba, na yi kuka, na rabu da shi. Amma har yau yana dawo mini, musamman da dare. Sai in farka wajen ƙarfe uku, gabana yana faɗuwa, ina jin kamar Allah bai yafe mini ba. Ina azumi kowane mako, ba na fashin sujada, ina cikin mawaƙan ikkilisiya, amma a cikina ba na jin komai. In na durƙusa addu'a sai in ji kamar da bango nake magana. Wasu sun ce akwai ɗauri a kaina, in nemi addu'ar kuɓutarwa. Na je sau biyu, na ji sauƙi na 'yan kwanaki, abin ya dawo. Baba, Allah ya yashe ni ne? Ina salamar da aka ce Yesu yana bayarwa?

AMSA

'Yata, alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Sannu da wannan nauyi, shekara tara ba kwana tara ba ce. Bari in fara da amsar da kika fi bukata: Allah bai yashe ki ba. Wanda ya yi sallama da Allah ba ya farkawa da tsakar dare yana kukan rashinsa, barcinsa yake sha har gari ya waye.

Ki koma ki duba wasiƙar da kika rubuto. Akwai kalma ɗaya da ta fito har sau huɗu: ina ji, ba na ji, sai in ji, na ji. Kin ɗauki abin da zuciyarki take ji kin mai da shi ma'aunin matsayinki a gaban Allah, shi kuwa wannan ma'auni ba ya zama wuri ɗaya. Rashin barci yana karkata shi, gajiya tana karkata shi, ko baƙar maganar da wani ya yaɓa miki da rana ta isa ta karkata shi.

Sabon Alkawari yana maganar salama ta fuska biyu, mu masu wa'azi kuwa sau da yawa mukan cuɗa su wuri ɗaya, sai jama'a su rikice. Ta farko tana cikin Romawa 5:1, inda Bulus ya ce tun da an baratar da mu, wato an ɗauke mu a matsayin masu adalci a gaban Allah, ta wurin bangaskiya, muna da salama da Allah ta wurin Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wannan maganar sulhu ce. Da akwai gaba tsakaninki da Allah, an kashe ta a kan gicciye, aka rufe zancen. Faɗuwar gabanki da ƙarfe uku na dare ba ta da ikon tayar da shi. Ta biyun tana cikin Filibiyawa 4:6-7, salamar Allah wadda ta wuce ganewar mutum, wadda take tsare zuciya da tunani. Ita ce kwanciyar ran da kike nema, kuma ita takan yi yawa wani lokaci, ta yi kaɗan wani lokaci. Ta farkon tana hannunki tun ranar da kika ba da gaskiya. Abin da ke wahalar da ke shi ne duk sa'ad da ta biyun ta ragu, sai ki ɗauka an ƙwace ta farkon.

Ki kuma lura da inda Bulus yake sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa. A ɗaure yake, ya faɗa da bakinsa a sura ta 1. Mutanen da ya rubuta wa sun san shi da ɗauri, domin a garinsu ne aka yi masa bulala tare da Sila, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, suka yi ta addu'a da waƙa da tsakar dare (Ayyukan Manzanni 16). Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci, wadda muke fassarawa da "tsare", kalmar soja ce, ta mai gadin da ke tsaye a ƙofar gari. Filibi kuwa gari ne da aka zaunar da tsofaffin sojojin Roma a cikinsa, don haka suna jin kalmar sun gane hoton. Ba a ajiye mai gadi a inda babu barazana. Shi kansa Ubangiji, a daren da ya ce wa almajiransa salamarsa yake ba su (Yohanna 14:27), bayan 'yan sa'o'i yana Getsamani yana cewa ransa yana shan wahala har kamar ya mutu (Markus 14:34). Tashin hankalinki bai nuna cewa alkawarin ya wuce ki ba.

Yanzu mu zo kan zunubin nan, don a nan ne ƙayar take.

Akwai bambanci tsakanin tsawatawar Ruhu Mai Tsarki da ƙarar Shaiɗan, kuma ana iya gane shi. Ruhu yakan nuna abu takamaimai, ya ce ga shi, ki tuba, ki gyara. In kin yi, sai ya sake ki. Mai ƙarar 'yan'uwa, kamar yadda Ru'ya ta Yohanna 12:10 ta kira shi, ba gyara yake nema ba. Yakan tono abin da aka riga aka binne, ya yi ta juya shi, ba tare da ya nuna miki ko da hanya ɗaya ta fita ba. Ki gwada muryar da ke tashinki da dare da wannan tambaya: me take so in yi wanda ban yi ba? In babu amsa, kin san mai ita.

Ina so ki zauna da labarin Bitrus. A daren da aka kama Yesu, yana tsaye a farfajiyar babban firist yana jin ɗumin wutar gawayi, a nan ya yi musun Ubangijinsa (Yohanna 18:18). Bayan tashin Yesu daga matattu, da sassafe a bakin Tekun Galili, Bitrus ya fito daga ruwa jikinsa sharkaf, sai ya tarar da wutar gawayi a hure, Yesu yana tsaye a gefenta (Yohanna 21:9). A duk Sabon Alkawari, a waɗannan wurare biyu kaɗai kalmar nan ta wutar gawayi ta fito. Ki ƙaddara warin hayaƙin da ya bugi hancinsa, da abin da ya tuna masa. Yesu bai kauce wa wurin ciwon ba, amma kuma bai ce masa "me ya sa ka yi mini haka" ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, daidai da musun nan uku, kowane karo kuma ya damƙa masa aiki: ka yi kiwon tumakina. Bitrus bai manta da abin da ya yi ba har ƙarshen ransa, ai ga shi muna karantawa har yau. Tunawa daban, hukunci daban. Kina iya tuna naki har ki tsufa, amma Romawa 8:1 ta ce yanzu babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu.

Dokin da ya daɗe a turke, ko an kwance igiyar, sai ya yi ta kewaya wurin da ya saba, ƙasar da ya tattake ita ce iyakar duniyarsa. Irin wannan ne Bulus yake faɗa da shi a Galatiyawa 5:1, inda ya ce Almasihu ya 'yanta mu don mu zauna a 'yantattu, kada mu sake sa wuyanmu a karkiyar bauta. Da masu bi yake magana, mutanen da aka riga aka kwance.

Ki yi mini haƙuri in tambaye ki wani abu game da azumin nan na kowane mako. Don me kike yinsa? In don neman fuskar Allah ne, madalla. Amma ina zargin cewa a can ƙasan zuciyarki biyan bashi kike yi, kaɗan kaɗan, ko Allah zai huce. Ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 ya shirya jawabinsa tun daga hanya, kuma ƙarshensa shi ne a mai da shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodagon gidan. Ki karanta aya ta 21 da ta 22 a hankali: bai kai ga faɗin wannan ba, uban ya riga ya aika a kawo riga mafi kyau da zobe da takalmi. Ke kin dawo gida shekara tara, amma har yanzu a ɗakin 'yan ƙodago kike kwana. Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikkilisiya a Turai, shi ma ya sha wannan wahalar. Ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, yana azumi, yana kwana addu'a, yana shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, ya fita ya tuna wani ya koma. Bai sami sauƙi ba sai da ya gane daga Romawa 1:17 cewa adalcin da Allah yake nema, shi ne kuma yake bayar da shi kyauta ta wurin bangaskiya.

Game da addu'ar kuɓutarwa, ba na musun ikokin duhu, Afisawa 6:12 ta ambace su. Amma abin da kika kwatanta bai yi mini kama da ɗauri ba, ya fi kama da lamirin da bai yarda an sallame shi ba. Shi ya sa sauƙin ba ya daɗewa: kowane zuwa kamar sake shigar da ƙarar da aka riga aka yanke ne. Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin nan an soke ta, an kafe ta a gicciye. Duk wanda kuma ya nemi kuɗi a hannunki kafin ya yi miki addu'a, ki tashi ki ba shi wuri.

Abu ɗaya ne zan togace. In zunubin ya shafi haƙƙin wani, kuma akwai abin da za a iya mayarwa ko gafarar da za a iya roƙa ba tare da an jawo sabuwar ɓarna ba, to wannan kam Ruhu ne yake taɓa ki, Matiyu 5:23-24 ta kuma nuna hanya. Kada ki yanke wannan ke kaɗai. Kin ce ba za ki iya rubuta shi ba, ina jin tsoron ba ki taɓa faɗa wa kowa ba. Ki nemi wata dattijuwa a cikin bangaskiya, mai riƙon asiri, ki buɗe mata cikinki kamar yadda Yakubu 5:16 ta umarta. Na sha ganin mutum ya zauna a gabana yana murza hannuwansa, ya fara magana ya tsaya, ya sake farawa, da ya fitar da abin kuma sai ki ga kafaɗunsa sun sauka. Abin da aka ɓoye yakan yi girma fiye da yadda yake.

Sai maganar bango. Ba ke kika fara ba. Zabura 88 addu'a ce daga farko har ƙarshe, kuma ta ƙare ne a cikin duhu, babu ko aya ɗaya ta samun sauƙi, duk da haka Allah ya bar ta a cikin Littafinsa don irinki su sami abin faɗa. Uwa Teresa, baiwar Allah da ta shahara da yi wa matalauta hidima a Kalkata ta Indiya, wadda ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai aka ga ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah, alhali kullum tana addu'a tana hidima. Don haka kada ki bar mawaƙa, kada kuma ki kira kanki munafuka don kina rera abin da ba kya ji. Gaskiyar waƙar ba ta rataya a kan yanayin mai rerawa ba.

Jikinki ma yana da nasa haƙƙi. Annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya ce ya isa haka, Allah ya ɗauki ransa (1 Sarakuna 19). Allah bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ya ji 'yar siririyar muryar nan. Shawarata ki dakatar da azumin na wata guda. In kuma rashin barcin ya haɗu da rashin son abinci, yawan kuka, da mutuwar jiki har fiye da mako biyu, ki ga likita, don ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, kuma zuwa asibiti ba raunin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani a ranar.

In kin farka yau da ƙarfe uku, kada ki sake roƙon gafarar wancan zunubi. Kin roƙa, 1 Yohanna 1:9 kuma ta ce shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta. Ki ce masa na gode, ko da bakin ya yi miki nauyi. Ki tashi zaune ki buɗe Zabura 13, aya shida ce kawai, ki karanta da murya yadda kunnenki zai ji. Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu kafin ya kai ga dogara, ke ma ki faɗi naki, kada ki tsallake. In zuciyar ta ci gaba da ƙararki, ki karanta mata 1 Yohanna 3:20, inda aka ce Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome. In kalmomi sun ƙare, ki yi shiru, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Daga nan ki kashe fitila ki kwanta, ko barcin bai zo nan da nan ba.

Ki sake rubuto mini bayan wata guda, ki gaya mini ko kin sami wadda za ki buɗe wa cikinki, da yadda barcin yake. Ina sa ki a addu'a, 'yata.