Ƙwayoyin cutar hanji da suka daina jin magani: amsar tambayoyinku

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifina tiyata aka sa masa robar fitsari. Kwanansa tara a asibiti zazzaɓi ya rufe shi. Da aka yi awon fitsari sai aka ce ƙwayar cutar ba ta jin allurar da ake yi masa, wai kuma daga hanji ta fito. Me ya haɗa hanji da mafitsara? (Wani magidanci, Zariya)

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Malam. Hanjin kowannenmu cike yake da bakteriya, akasarinsu ma amfani suke yi mana. A cikinsu akwai E. coli da Klebsiella. Muddin suna zaune a hanji ba ruwansu da kowa, amma idan suka samu hanyar shiga mafitsara ko jini ko wurin ɗinki, nan ake jin jiki. Robar fitsari ita ce tsaninsu: daga dubura su hau fata, daga fata su bi jikin robar har ciki.

Rashin jin maganin kuwa, ka ɗauki hanjin Baba kamar gona. Duk allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka yi masa feshi ce, tana ƙone masu rauni ta bar masu taurin kai. Su kuma da suka ga fili babu abokin hamayya sai su mamaye shi. Takardar awon nan tana nuna magungunan da ƙwayar ke ji da waɗanda ba ta ji, don haka ku bar likitocinsa su bi ta, kada wani ya kawo nasa daga gida. Kullum da safe ka tambayi nas ko har yanzu ana buƙatar robar, domin kowace rana da ta ƙara a jikinsa haɗarin ƙaruwa yake. Jakar fitsarin kuma ta kasance ƙasa da ƙugunsa, amma kada ta taɓa daɓe.

Tambaya: Gaskiya ne jikin mutum yana sabawa da magani har ya daina yi masa aiki? (Ɗalibar makarantar koyon jinya, Katsina)

Amsa: A'a, ɗiyata, ƙwayar cutar ce ke sauyawa. E. coli kan iya rabuwa biyu a cikin kamar minti 20 idan ta samu yadda take so, kuma duk rabuwa sai ta kwafi ƙwayoyin gadonta. A wajen kwafin ake samun kuskure, wani kuskuren kuma ya zame mata garkuwa daga magani.

Hanya ta biyu ita ta fi tayar mini da hankali. Bakteriya na ɗauke da wasu 'yan zobba na ƙwayoyin gado da ake kira filasmid, kuma suna miƙa wa juna su kamar mai ba abokinsa laƙani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Klebsiella ta ba E. coli a cikin hanjin majinyaci guda, zobe ɗaya kuma yana iya ɗauke da kariya daga magani iri-iri. Haka wata irin wannan kariya da ake kira NDM-1 ta yaɗu. A 2008 aka fara gano ta a jikin wani mutum a Suwidin bayan ya kwanta asibiti a birnin New Delhi na Indiya, kuma tana lalata irin su meropenem, magungunan da muke ajiyewa sai tura ta kai bango. Cikin 'yan shekaru ta ɓulla a ƙasashe da dama. A 2015 kuma masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata ƙwayar gado mai suna mcr-1, wadda ke kare bakteriya daga colistin (shi ma maganin da ake ajiyewa sai tura ta kai bango ne), a jikin aladu da kuma majinyata.

Tambaya: An sallami ɗana bayan mako biyu a ɗakin masu tamowa. Zai iya kawo wa 'yan'uwansa irin wannan ƙwaya? (Wata uwa, Maradi)

Amsa: Zai iya, 'yar'uwa, ko da kin gan shi garau yana wasa. A garinku ma aka yi wani bincike da aka wallafa a 2011: cikin yara 55 masu tamowa da aka kwantar, 17 sun zo da bakteriya masu bijire wa magani a hanjinsu. Cikin yara 16 da suka shigo babu ita aka sake auna su, 15 sun kwashe ta kafin sallama.

Kada ki tsorata, ɗauke da ita a hanji ba ciwo ba ne, kuma sau da yawa tana raguwa da kanta cikin watanni. Ta kashi take fita, ta hannu take shiga baki. Na sha ganin uwa ta yi wa yaro tsarki, ta goge hannu da gefen zani, ta ɗauki kofin kunu ta miƙa wa ɗan gadon kusa don tausayi. Wannan tausayin ne ƙwayar ke hawa. Ki ajiye sabulu kusa da buta, ki wanke fo ɗinsa da ruwan bilic, ki yanke masa farce. Idan zazzaɓi ya kama shi, ki gaya wa likita cewa bai daɗe da barin asibiti ba.

Tambaya: Ni da zarar cikina ya ɓaci sai in sayi Flagyl da ja-da-yalo a kemis. Akwai laifi? (Wani direba, Gusau)

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, don Allah ka daina. Yawancin gudawa tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki, abin da take buƙata ruwan gishiri da sukari ne. Kowane kafso da ka haɗiya babu dalili share wa masu taurin kai gona kake yi, kuma da su za ka shiga asibiti ranar da buƙata ta kama. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai bakteriya masu bijire wa magani sun kashe kusan mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba. Idan ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawar ta wuce kwana uku, ka ajiye mota ka je a auna ka.